Rubutun Kullum Da Wasa Ƙwaƙwalwa: Abin Da Na Koya A Bagudo



Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai da 'yan kwamitinsa, shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyena da abokan karatuna, da ƙannena ɗalibai da ke zaune can baya, barkanmu da sake ganin juna.

Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takardar gayyata, abin da ya nemi in yi magana a kai shi ne sirrin samun nasara a aikin gwamnati. Na roƙe shi ya nemi wani, domin ko shekara goma ban cika a aiki ba, alhali a ɗakin nan akwai waɗanda suka riƙe ma'aikatu sukutum tun ina firamare. Da ya matsa, sai na ce to a bar ni in yi magana a kan wata 'yar al'ada da na tsinta a bakin aiki, wato zama kullum a rubuta shafi guda. Abin ba shi da girma, amma shi kaɗai ne zan iya tsayawa gaban malamaina in faɗa ba tare da na ari bakin wani ba.

Yawancinmu da muka zauna a azuzuwan nan mun san yadda muka ci jarrabawar insha'i. Akwai 'yan samfurori da muke haddacewa: wasiƙa zuwa ga mahaifi, ranar da ba zan manta da ita ba, amfanin ilimi. Ran jarrabawa sai mu shiga mu juye. Malamanmu sun yi iya ƙoƙarinsu, mu ne muka nemi gajeriyar hanya. A jami'a ma ban sake zani ba, na tara kalmomin Turanci masu nauyi, na iya jera su, na fito da digiri ina ganin in dai rubutu ne na gama da shi.

A shekarar 2018 aka tura ni aiki Bagudo, a ɓangaren da ya shafi noma. Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, ƙaramar hukuma ce da kogin Kwara ya ratsa, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Benin. In ka ƙetare ruwa ka bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, gabanka Segbana ce, ka shiga ƙasar Benin ke nan. In kuma ka bi ta Illo zuwa Lolo, hanyar Malanbil ka kama. A kasuwa ɗaya sai ka ji Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da Busanci, ana ciniki da naira da sefa. Iyakar kanta a birnin Faris aka yanka ta, a yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898, wadda ta raba ƙasar Borgu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Mutanen wurin kuwa ba su fasa aure da zumunci da cin kasuwar juna ba.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, babban dalilin da aka bayar shi ne hana fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur. Bayan kamar wata biyu aka umarce ni in rubuta rahoto kan yadda rufewar ta shafi manoman yankinmu. Dare ɗaya na zauna na cika shafi huɗu. Abin da na ce a taƙaice shi ne, shinkafar waje ta daina shigowa, ta gida ta yi daraja, saboda haka manoma duk suna cikin farin ciki. Na ƙawata shi da Turanci, na sa hannu, na miƙa ina jiran yabo.

Shugabana a lokacin wani dattijo ne da ya kusa yin ritaya, ba shi da yawan magana. Washegari ya sa masinja ya kira ni. Na tarar da rahotona a gabansa ya sha jan biro. Ya ce, “Malam, Turancin nan ya yi daɗi. To amma manoman da ka ce duk suna murna, su nawa ka tambaya?” Na yi shiru. Ya ce, “Wannan da ka rubuta a shafi na biyu, kai ka gani ko gaya maka aka yi?” Na ce, “Ranka ya daɗe, abu ne da kowa ya sani.” Ya ce, “Ina kowan yake, in aika a kira shi?”

Jama'a, gaskiyar maganar ita ce duk abin da ke cikin rahoton nan a teburin mai shayi na ji shi, daga bakin mutum uku ko huɗu, kuma ba manomi ko ɗaya a cikinsu. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya ce in je in sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kullum kafin in kwanta in rubuta shafi ɗaya kan abin da ya wuce ta gabana a ranar, in sa kwanan wata a sama. Ya ce ba zai taɓa neman ya karanta ba. Rahoton kuma ya ce in ajiye, in na ga na shirya in sake kawowa.

Makon farko na sha wuya. Na ɗauka kaina cike yake da ra'ayoyi, amma da na zauna gaban farar takarda sai na tarar yawancinsu layi biyu ne sun ƙare. A nan na fara gane bambancin hira da rubutu. A majalisa in hujjarka ta yi rauni sai ka ɗaga murya, ko ka yi rantsuwa, ko ka kawo karin magana a yi dariya, kafin a dawo an manta inda ka yi tsalle. In ka girmi abokan hirar ma sai su bar ka don kunya. Takarda kuwa ba ta jin kunyar kowa. Kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce “saboda”. Duk lokacin da na rubuta ta, dole abin da zai biyo baya ya iya ɗaukar nauyin abin da ya gabata, in bai ɗauka ba ga shi nan ƙuru-ƙuru yana kallona. Sau da yawa nakan rubuta “saboda” in tsaya, biro a hannu, in ga ashe ban san dalilin ba. Washegari sai in fita in tambaya.

Da haka littafin ya fara kora ni gona da kasuwa, domin wanda zai cika shafi da dare dole ya buɗe ido da rana. A nan ma na yi wauta. Ranar wata kasuwa a bakin iyaka na fito da littafi ina tambayar farashi ina rubutawa a tsaye, kafin in ankara rumfar ta watse, an ɗauka ɗan leƙen asirin kwastan ne. Sai da wani da ya san ni ya yi mini shaida. Tun ranar na koyi in saurara da kyau in riƙe a ka, in na koma gida in rubuta.

Ga abin da littafin ya nuna mini bayan wata uku. Da farko dai kalmar “manoma” da na yi ta amfani da ita ba mutum ɗaya ba ce. Akwai mai hali, wanda zai iya ajiye shansherarsa har ta yi tsada, wannan ya ci riba sosai. Akwai wanda ya ci bashin taki da iri tun farkon damina a kan zai biya da buhu in kaka ta yi, a farashin da aka yanke tun kafin a rufe iyaka, shi tashin farashin a aljihun mai ba da bashi ya shiga. Akwai mata masu ɗan kai kaya kasuwannin ƙetare su sayo wani abu su dawo, su sana'arsu ce ta tsaya cik.

Sa'annan akwai wani abu da ba zan taɓa gani ba in da ba a rubuce yake ba. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Na rubuta wannan a ranar da na ji, na ɗauke shi maganar direbobi da 'yan acaɓa, na wuce. Makonni bayan haka, da aka shiga shirin noman rani, na rubuta ƙorafin wani manomi cewa bana rabin gonarsa kawai zai shuka. Ran wata Juma'a ina bin shafukan baya sai na ga maganganun nan biyu kusa da juna. Shinkafar rani da injin ban ruwa ake yin ta, inji kuwa fetur yake sha, kusan kullum har a yi girbi. Manomin da ke kusa da iyaka yanzu sai dai ya yi tafiya mai nisa da jarka, ko ya saya da tsada hannun 'yan bumburutu. Wato matakin da ya ɗaga masa farashin shinkafa, ɗan'uwansa ne ya ɗaga masa kuɗin noma ta. Da a ka kawai na bar su, da ba su haɗu ba, don ɗaya na ajiye ta a maganar sufuri, ɗaya a maganar noma.

Na sake rubuta rahoton, wannan karon shafi ɗaya da rabi. Dattijon ya karanta, ya sa hannu, ya tura sama. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya canza wata manufa ta gwamnati ba, ina jin yana nan cikin fayil har yau. Amma duk layin da ke ciki na san inda na samo shi.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo, kuma na daɗe ina shawarar ko in faɗe shi a nan. A farkon daminar 2020 maigidan da nake haya a gidansa, wanda nake kira Baba, ya nemi shawarata. Yana da wata gona can ƙasa kusa da ruwa, yana tunanin ko ya zuba mata shinkafa ko ya bar ta. Ya tambaye ni ne don ni ne ɗan boko, ma'aikacin gona. Na ce ya shuka, ruwa ba zai kai nan ba. A wurin akwai wani tsoho Basarke, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan kogi, ya ce wurin na ruwa ne, aro ya ba mutane, kuma yakan zo ya karɓi abinsa kamar yadda ya yi a 2012. Shi ne ma ya taɓa bayyana mini cewa Kwara cika biyu take yi: ta damina mai laka, wadda ruwan samanmu na kusa ke kawowa, da ta lokacin sanyi mai duhun ruwa, wadda ke tasowa tun daga ƙasar Gini ta yi watanni tana ratsa fadamun Mali. Baba ya bi maganata.

Kun san abin da ya faru a ƙarshen Agusta da Satumba na 2020. Kogin ya yi cikar da ko a Yamai ba a taɓa auna irinta ba, ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, gonar Baba na ciki. To abin mamaki, a cikin kwanakin nan na ji bakina yana gaya wa abokan aiki cewa ai dama na faɗa, bana ruwa zai yi ɓarna. Kuma wallahi ba ƙarya nake nufin yi ba, haka na tuna abin. Sai da na buɗe littafin watan Yuni na ga rubutun hannuna. Na rubuta cewa ruwa ba zai kai ba, dalilina kuwa shi ne bai kai ba a damina biyu da na yi a garin. Damina biyu! A ƙasa kuma na kawo maganar tsohon nan, har da 'yar ba'a cewa tsofaffi ba sa rabuwa da tsoro.

Na je na sami Baba na ba shi haƙuri. Ya ce, “Ɗana, Allah ya kawo ruwa, ba kai ba. Amma gobe in ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba.” Bai sake tayar da maganar ba har na bar gidansa.

Daga baya na karanta cewa Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, yana da wata ƙa'ida da ya ɗora wa kansa: duk lokacin da ya ci karo da hujjar da ta saɓa wa ra'ayinsa, nan take yake rubuta ta, domin ya lura irin wannan hujja ta fi saurin ɓacewa daga ƙwaƙwalwa a kan wadda ta goyi bayansa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da sauran maganganunsa, a wannan kam ya yi gaskiya, ni shaida ne. Zuciya takan gyara wa mai ita labarin jiya don ya fito da kyau. Ba abin da ke hana ta sai rubutu mai kwanan wata.

Kada ƙannena su ɗauka wannan al'adar Turawa ce. Mu 'yan ƙasar Gwandu ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bai jira ya sami hutu ba kafin ya yi rubutu. Yana kan hanya, ya yada zango a Kano, ya rubuta Liya'ul Hukkami kan yadda ake tafiyar da mulki. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa da bayanin abin da ya jawo kowacce a cikin Tazyinul Waraƙati, kuma bai ɓoye abubuwan da ya gani a wurin mutanensa waɗanda ba su yi masa daɗi ba. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gwandu, a nan ya sami kwafen Tarihus Sudan, littafin tarihin Sangai da Tambutu, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ya yi kuskure ma, ya ce Ahmad Baba ne ya wallafa shi alhali Abdurrahman Assa'adi ne. Amma da yake ya rubuta, na baya sun sami abin gyarawa. Ko a kasuwannin Bagudo na ga 'yan kasuwa da ba su taɓa shiga aji ba suna riƙe da littafin bashi da ajami, kuma ba ka isa ka ruɗe su da ko sisi ba.

Sai dai in yi wata 'yar togaciya. Rubutu yana wasa tunani, amma ba ya gyara hali. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya sa an riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi daga 1912 zuwa 1927, a ciki har da hare-haren kamun bayi da adadin mutanen da aka kamo, ba tare da wata alamar nadama ba. Wuƙa mai kaifi ce, ya rage ga mai riƙe da ita.

Wasu za su so su ji yadda nake yi. Ba wani tsari mai wuya ba ne. Bayan sallar isha'i, minti goma sha biyar zuwa ashirin, shafi ɗaya, in ya cika in rufe ko da da sauran magana. Tun bayan ambaliyar nan nakan raba abu uku, kada su cakuɗe: abin da na gani da idona, abin da aka gaya mini da wanda ya faɗa, sai abin da nake zato. Za ku yi mamakin yadda kashi na farko yake ƙanƙanta. In na yi hasashe kan wani abu, farashi ne ko ruwa ko yadda wani taro zai ƙare, nakan ja masa layi don in dawo in ga ko na dace. Ƙarshen wata in bi shafukan duka. Wannan bitar ita ce rabin amfanin, wanda yake rubutawa ba ya komawa ya karanta kamar mai shuka ne ba ya zuwa girbi.

Da Turanci na fara, daga baya na koma Hausa, kuma dalilin ya cancanci a faɗa. Na lura da Turanci ina iya cika layi uku da kalmomin ofis ba tare da na ce komai ba, su kuma yi daɗin ji. Da na gwada mayar da irin waɗannan jimloli Hausa, yadda zan gaya wa mahaifiyata, sai wasu su narke ba abin da ya rage. Yanzu ko takardar ofis zan rubuta, sai na fara faɗa wa kaina ita da Hausa. Da biro da takarda nake yi, domin waya in na ɗauka da niyyar rubutu, kafin in farga ina cikin WhatsApp. Akwai kuma manhajojin nan da ke rubuta wa mutum duk abin da ya nema cikin daƙiƙa kaɗan. Suna da amfaninsu, amma abin da suke ɗauke maka shi ne daidai wahalar nan ta tsayawa a kan “saboda”, ita ce kuwa ake nema.

Ba kullum na cika alkawari ba. A 2021 da aka yi mini canjin wurin aiki na yi wata huɗu ban taɓa littafin ba, da na dawo kuma ban yi ƙoƙarin cike giɓin ba, na sa kwanan watan ranar na ci gaba. Ga 'yan'uwana ma'aikata kuma, a kiyaye: sirrin ofis ba ya shiga littafin gida. Akwai dokar sirrin gwamnati tun ta 1962, kuma littafi yana iya faɗuwa a mota. Haka nan ba wurin zagin shugabanni da abokan aiki ba ne, na gwada na ga ba ya ƙara mini komai sai ɗaci.

Mai girma shugaban taro, na san ƙungiyarmu tana da manyan ayyuka a gaba, ga rufin ɗakin gwaje-gwaje, ga kujeru. Nawa ƙarami ne. Na zo da littattafan rubutu guda sittin da biro sittin, suna wurin sakatare, ina roƙon a raba wa 'yan aji shida. Sharaɗina ɗaya ne, shi ne wanda dattijon nan ya yi mini: kada malami ya karɓa ya duba, kada a ba da maki. In Allah ya kai mu taron baɗi, duk ɗalibin da ya cika nasa ya zo ya nuna mini bangon kawai, ni kuma zan ba shi sabo.